Saurayin da Ya Zo Mana da Babi 120: Nazarin Wani Lamari Daga Daura

A Daura akwai wasu mutane, ba mu kai ashirin ba, da muke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a zauren wani tsohon malamin firamare da muke kira Baba Malam, muna rubuta labarai tare. Ba kowa da littafinsa ba. Duniya ɗaya muke rubutu a cikinta, wato Daura ta zamanin Magajiya Daurama, kowa yana ɗora nasa a kan abin da kakanni suka bar mana da abin da 'yan'uwa suka riga suka rubuta. A cikinmu akwai tela, da ma'aikaciyar jinya, da malaman makaranta, da mai tuƙa Keke Napep, da ɗalibai. Ni ne mai riƙe da kundi, shi ya sa wannan lamari ya faɗo hannuna. Na ga ya dace in rubuta shi saboda ƙungiyoyin marubuta sun yawaita a Katsina da Kano da Zariya, kuma duk inda ake rubutun haɗin gwiwa, wata rana sai irin wannan baƙo ya yi sallama.

Ƙashin labarin da muke ɗori a kansa sananne ne. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno ya auri Magira, ya gudo, ya bar ta da ciki a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ai nan ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, domin macijiya mai suna Sarki ta tare rijiyar Kusugu. Ya je ya sare kanta. A ruwayar da muke bi, ya bar takalmi ɗaya a bakin rijiyar. Ya auri Daurama, Bagwariya ta haifa masa Karɓagari, Daurama ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai. Masana tarihi irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauki wannan a matsayin tsagwaron tarihin asalin Hausawa ba, mu ma ba mu taɓa cewa tarihi muke rubutawa ba. Amma 'yan gari ne mu. Rijiyar tana nan, sarautun Magajiya da Kaura da Galadima suna nan da masu riƙe da su, don haka muna taka-tsantsan.

Waɗannan manyan abubuwa su muke kira ginshiƙai, ba a taɓa su. Rabonmu shi ne abin da labarin bai faɗa ba, wanda ya fi abin da ya faɗa yawa nesa ba kusa ba. Kowa yana da tauraron da ya ƙirƙira. Telan yana da ɗiyar sarkin maƙera, mai keke yana da wani mai jaki da ke ɗebo ruwa daga nesa yana sayarwa da tsada tsakanin Juma'a da Juma'a, ma'aikaciyar jinya tana da unguwarzoma maƙwabciyar Ayana. Kana iya aron tauraron wani ya gitta a labarinka, amma ba ka kashe shi, ba ka aurar da shi, ba ka mayar da shi ɓarawo sai mai shi ya yarda. Duk abin da aka rubuta sai an karanta shi a zaure an yi gyara kafin in shigar da shi kundi, wata babbar rajista mai bangon kwali irin wadda 'yan kasuwa ke rubuta bashi. Da zarar abu ya shiga cikinta, ya faru ke nan, dole kowa ya yi aiki da shi.

Abin da ya zo da shi

Ma'aikaciyar jinyar ce ta kawo shi, ɗan yayanta ne. Ya gama sakandare yana jiran sakamakon JAMB, yana zama a rumfar gyaran waya ta wani abokin babansa a kasuwa. Bai wuce shekara goma sha tara ba. Ya shigo da littattafan rubutu uku cikin baƙar leda, da Baba Malam ya ce ya gabatar da kansa, sai ya miƙe tsaye ya kama bayani, bai zauna ba sai da aka fara kiran Magariba.

Littafi zai rubuta mai babi 120. Tauraronsa ɗan aljana ne da aka haifa a ƙarƙashin Kusugu, ba ya tsufa, ƙarfe ba ya cinsa. Shi ne ainihin wanda ya kashe macijiyar, ya bar wa baƙo sunan saboda wani dalili da za a sani a babi na arba'in. Shi zai raka Bagauda Kano, shi zai zaunar da Kumayau a Katsina, shi zai ba Korau sirrin kayar da Sanau, a ƙarshe ya haɗa Hausa Bakwai ƙarƙashin rawani ɗaya. Don labarin ya tashi da zafi, a babi na uku gobara za ta cinye unguwar maƙera, ɗiyar sarkin maƙera ta mutu a hannunsa, ya rantse sai ya rama. In an gama za a kai Kano a yi fim, a kuma fassara shi zuwa Turanci. Yana magana idonsa na ƙyalli, ba alamar wasa ko girman kai a tare da shi. Ya yi imani kyauta ce ya kawo mana.

Na karɓi littattafan na tafi da su gida. Na farko cike yake da sunaye: na takubba, na dawakai, na sarakuna da jarumansu, da yawan mayaƙan kowace runduna, da taswira da jan biro. Na biyu kanun babi-babi ne daga 1 har 120, kowanne da layi biyu ko uku na abin da zai faru. Na uku rabinsa fari ne. Babu babi ko ɗaya da aka rubuta har ƙarshe.

Sai da na juya littafi na biyu ta baya na ga shafi ɗaya da rabi da ba ya cikin lissafin. Daren Alhamis ne. Mata da yara sun jera tuluna tun daga bakin rijiya har bayan gidaje, kowa ya ɗaura tsumma ko kaba a wuyan nasa don shaida, sun tafi barci sun bar wani yaro yana gadin layin, ladansa curin fura. Da asuba wata mata ta dawo ta tarar an mayar da tulunta baya da mutum uku. Yaron ya rantse ba wanda ya taɓa. Ba ta yi musu da shi ba, sai ta durƙusa ta ɗaga tulun da ke wurinta na jiya, ta nuna masa shatin gindin nata tulun a kan rairayi, wanda ya fi na wannan faɗi, da ɗan tsagin da ke gefensa ya fito raɗau. Iyakar abin ke nan. Na karanta na sake karantawa. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa kwana a layin jarkoki bakin burtsatse, ya san yadda ake cin amana a wurin da yadda ake kama mai cin amanar. Muna rubutu a kan garin da ba ruwa sai Juma'a, amma ba ɗaya daga cikinmu da ya taɓa tunanin layin.

Saɓanin da ya taso

Asabar ta gaba muka zauna ba shi. Telan ne ya fara, ransa a ɓace.

"Malam, tun da aka fara zaman nan nake renon yarinyar nan. Na san abin da take ci, na san wanda take so ba ta faɗa ba. Rana ɗaya yaro ya shigo ya ƙone mani ita a babi na uku don tauraronsa ya sami abin kuka? Ai wannan raini ne. A ce mashi nan ba wurinsa ba ne."

Gwaggon yaron ta ce, "Don Allah ku bar shi ya rubuta abin da yake so. Sa'o'insa suna can bakin titi suna shan abin da suke sha, shi littafi ya riƙe. In kuka kashe mashi gwiwa ina kuke so ya nufa?"

Wata ɗaliba da ke karanta Turanci a jami'a a Katsina ta ce wannan ba sabon ciwo ba ne. A Amurka masoyan shirin talabijin na Star Trek sun fara buga labaran ɗori a ƙananan mujallunsu tun 1967, kuma zuwa 1973 irin wannan tauraro, wanda ya fi kowa kyau da basira har tsofaffin taurari suke dogara da shi, ya yi yawa, sai wata marubuciya mai suna Paula Smith ta yi masa labarin shaguɓe. Sunan tauraruwar labarin, Mary Sue, ya bi irinsu har yau. Abin da ya fi damunta, in ji ta, shi ne yadda sunan ya koma abin yi wa sababbin marubuta gori, musamman 'yan mata, har wasu suka riƙa jin tsoron ƙirƙirar tauraruwa mai ƙarfi. Ba ta so mu yi wa yaron haka. Shawararta a buɗe masa reshe, ya rubuta tasa Daurar a gefe, a riƙa sauraronsa, amma ba za ta shiga kundi ba.

Kowannensu yana da gaskiya a wani gefe, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Telan ya yi daidai a kan ƙa'ida, amma ba raini a lamarin. Yaron a bakin gwaggonsa ya ji labarin ɗiyar maƙeran, ya ɗauka tana cikin tatsuniyar tun asali, bai san tana da uba a zaune yana kallonsa ba. Maganar gwaggo kuwa tausayi ce, sai dai in aka bi ta kundin ya mutu ranar. Rubutun haɗin gwiwa gonar gandu ce, in ɗaya ya ce zai shuka rimi a tsakiyarta, inuwar ta hana kunyar kowa yin yabanya. Shi kansa yaron ma ba a taimake shi ba, domin mai babi 120 a lissafi da babu ɗaya a rubuce, abin da ya fi buƙata shi ne ya ɗanɗana gama abu. Shawarar reshe ta fi sauran laushi, kuma ga wanda ya daɗe cikinmu hanya ce mai kyau. Ga sabon zuwa kuwa kora ce cikin ladabi. Za a saurare shi Asabar biyu ko uku don kunya, ba wanda zai ɗora komai a kan nasa, ya gane shi kaɗai yake, ya daina zuwa, mu kuma mu ce ai mun ba shi dama.

Baba Malam bai ce komai ba sai da kowa ya gama. Ya dube ni ya ce, "Ka je ka zauna da shi. Kada ka ce mashi burinsa ya yi yawa, wannan ba laifi ba ne. Ka tambaye shi, in ya gama babinsa, wa zai yi rubutu bayansa."

Zaman da muka yi

Na same shi a rumfa yana rufewa, muka taka zuwa wajen Kusugu muka zauna a dakalin wani shago muna fuskantar ginin da aka yi wa rijiyar. Ban fara da babi 120 ba. Na buɗe bayan littafi na biyu na karanta masa shafi ɗaya da rabin nan da ƙarfi, a hankali, kamar yadda muke yi a zaure. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wannan ai ba komai ba ne. Gwada biro nake yi."

"Duk cikin littattafan nan uku, ƙanena, nan ne kaɗai na manta da cewa karatu nake yi."

Bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Wanda ya kwana yana ƙirga rundunoni ba ya so a yaba masa tulu. Amma na ci gaba. Na ce mu ɗauka an yarda da tsarinsa. Tauraronsa ya kashe macijiya, ya raka Bagauda, wanda lissafin Tarihin Kano ya sa farkon mulkinsa a 999, ya rayu ɗaruruwan shekaru har ya riski Korau. To ranar Asabar mai zuwa me telan zai rubuta, me mai keke zai rubuta?

"Sai su rubuta yadda mutane suka ji labarinsa."

"Wato mu koma 'yan kallo ke nan."

Ya yi shiru. A nan ne ainihin maganar take, kuma ita nake so duk mai ba sabon zuwa shawara ya riƙe. A littafinka na kanka kana iya rufe duk ƙofar da ka ga dama. A duniyar da ake rubutawa tare, girman labari ana auna shi ne da yawan ƙofofin da ya buɗe wa wasu. Tsarinsa, duk da faɗinsa, ya amsa kowace tambaya tun kafin a yi ta: wa ya yi, shi ne, wa zai yi, shi ne. Shafin tulun kuwa tambayoyi ya haifar. Wa ya ba yaron cin hanci? Da me? Me matar za ta yi in rana ta faɗi layi bai zo kanta ba, ga yara a gida?

Na tambaye shi abin da tauraronsa ke tsoro, ya ce ba ya tsoron komai. Me ya rasa? Ba abin da ya rasa. Na ce ya dubi Bayajidda kansa. Mai gudun ceton rai ne, jama'arsa sun watse, ya bar mata da ciki a hanya, ya shigo gari cikin duhu ba wanda ya san shi, ko ruwan da zai ba dokinsa ba shi da shi. Da ya zo da runduna yana tafe ƙarfe ba ya cinsa, da ba wata kaka da za ta ɓata darenta tana ba jikoki labarinsa.

Daga nan na shiga nuna masa filin da ba a taɓa ba, domin ba adalci ba ne ka hana mutum wuri ba ka nuna masa wani ba. Kwana shidan da ba ruwa. Safiyar da aka wayi gari macijiya ta mutu, da mutanen da suka fito kowa yana cewa shi ya kashe ta har aka nemi kai da takalmi. Magira a Garun Gabas, baƙuwa da tsohon ciki. Maƙeran Gaya, da abin da ya sa suka yarda suka ƙera wa baƙo wuƙa. Bagwariya, wadda labarin ya ba ta ɗa ya hana ta baki. Sarauniyoyin da suka gabaci Daurama tun daga Kufuru a Tsohon Birni, waɗanda sunayensu kawai suka iso mana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi.

Na kuma tuna masa Abubakar Imam, tunda ya karanta shi a makaranta. Yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Ruwan Bagaja, ɗan littafin da ake karancewa a zama ɗaya ko biyu. Magana Jari Ce mai juzu'i uku sai bayan nan ta zo, kuma ita ma da yawan labaranta daga na Larabawa da Indiya da Turai ya ɗauko su ya zaunar da su a gida. Babban aikin bai gudu ba don an fara da ƙarami.

Abin da na ajiye a gabansa shi ne: labari ɗaya, wanda bai wuce dare ɗaya da yini ɗaya ba, bai wuce shafi goma ba, a kan yaron nan mai gadin layi. Dole ya ari tauraron mutum ɗaya a cikinmu, ya je da ƙafarsa ya nemi izini. Ni kuma zan rubuta kanun babinsa 120 a ƙarshen kundi da sunansa, don kada gobe wani ya ɗauki wani abu a ciki ya ce nasa ne.

Ya tattara littattafansa ya mayar cikin leda. "Wato dai ba ku son labarina, Yaya." Ya yi sallama ya tafi.

Abin da ya biyo baya

Ya ɗauke ƙafa. Gwaggonsa ta rage fara'a da ni, har ta ce a gaban mutane da an bi tata da yanzu yana nan. Na fahimce ta, amma ban janye ba. Abin da na yi kawai shi ne na kai kundin aka yi masa hoto, na ba ta ta kai masa, ban haɗa da wani saƙo ba. Daga baya ta gaya mana ya karance shi duka a rumfa, har maigidansa ya yi masa faɗa.

Ranar da ya dawo, wurin mai keke ya fara zuwa ya nemi aron mai jaki. Labarin da ya karanta mana shafi tara ne. Yaron mai gadin layi maraya ne, curin furar daren Alhamis da abin da yake karɓa a ɓoye don matsar da tuluna su ne abincinsa na mako. A daren da baƙo ya zo, yana kwance kusa da rijiya, ya ga komai. Da gari ya waye aka buga tambari, mata na guɗa, kowa na ɗiban ruwa yadda ya so, shi kaɗai ya tsaya yana kallon inda layi yake a da, ya gane daga yau ba wanda zai sake buƙatarsa. A duk faɗin Daura mutum biyu ne ba su yi murna ba, shi da mai jaki. Kuma takalmin yana cikin rigarsa, shi ya fara tsintarsa, yana lissafin wa zai sayar wa cikin masu cewa su suka yi kisan.

Da ya kai nan, telan da ke kishingiɗe ya tashi zaune.

Ba a wuce lafiya lau ba. A shafi biyun ƙarshe tsohon burin ya sake leƙowa. Ya sa aljana ta fito daga rijiya ta shaida wa yaron cewa ɗanta ne, ya kuma sa Daurama ta durƙusa tana roƙonsa takalmin da hawaye. A kan na biyun Baba Malam ne ya yi magana.

"Ɗana, Magajiya ba ta durƙusa wa kowa. Ba don tsoron fada na ce ba, ko da yake mu ma muna da kunyar mutanen garinmu. Ka duba labarin da kyau. Ita ce ta yi shela, ita ce ta gwada masu ƙarya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi haka aikawa za ta yi a kawo mata yaron."

Ya karɓi wannan ba gardama. A kan aljanar kuwa ya tsaya kai da fata, ya ce in aka cire ta ba abin da ya rage nasa. Muka daɗe a kai. Ɗalibar nan ce ta warware, ta tambaye shi: in yaron ɗan aljana ne, me zai sa mu damu da abin da zai ci gobe? Ya yi tunani, ya ɗauki biro ya soke da hannunsa. Wani daga cikinmu ya ba da shawara a sa Daurama ta ba yaron aikin kula da guga don labarin ya ƙare da daɗi. Shi ya ƙi. Ya ce a bar shi ba aiki, yana bin mai jaki a baya, kowannensu bai yarda da ɗan'uwansa ba. A nan na tabbata ya gane abin da ake ciki, domin ya bar ƙofar a buɗe da gangan. Na shigar da labarin kundi a ranar.

Abin da aka ɗora a kansa ya fi abin da na zata. Mai keke ya rubuta yadda su biyun suka fara neman wata sana'a. Gwaggo ta ɗauki matar nan mai tulu ta mayar da ita mai naƙuda a hannun unguwarzomarta. Telan kuma, wanda ya ce a kore shi, ya kawo babin da ɗiyar sarkin maƙera ta je ta duba gawar macijiyar, ta ga saran, ta ce wa babanta ba maƙerin Daura da ya iya wannan kaifi, ta ƙudurta sai ta san inda aka ƙera wuƙar. Hanyar Gaya ta buɗe ke nan, kuma yaron mai gadin layi ne kaɗai ya ga wuƙar da idonsa. Yanzu ana maganar tafiya mai babi da yawa, wadda telan da saurayin za su rubuta tare, kowa da bakin tauraronsa. Ita ce mafi tsawon abin da muka taɓa tsarawa.

Mun sauya wasu abubuwa a tsarinmu. Sabon zuwa yanzu sai ya karanta kundi ya saurari zama kafin ya kawo nasa, kuma na farkonsa gajere ne, da aron tauraro ɗaya. Shafukan ƙarshen kundi mun ware su don manyan burika, kowa ya rubuta nasa, har da tsofaffin cikinmu, waɗanda ashe su ma kowa yana da irin nasa babi 120 ɗin a ɓoye.

Akwai abin da har yanzu ba mu daidaita ba. Saurayin bai bar babban littafinsa ba, ni ma ban so ya bari ba. Yana rubuta shi a gida, ya sauya sunan gari da na mutane, ya kai babi na huɗu. Sai dai yana so ya ɗauki yaron mai gadin layi ya kai can, kuma yaron yanzu rayuwarsa ta sarƙe da ta mai jaki da ta ɗiyar maƙera, waɗanda ba nasa ba. Nan maganar kuɗi ta shigo, domin wannan littafin sayarwa yake so ya yi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta san da aikin da mutane suka rubuta tare, ta kuma tanadi kariya ga adabin gargajiya ƙarƙashin kulawar Hukumar Haƙƙin Mallaka, amma mu ba mu taɓa rubuta wata yarjejeniya a tsakaninmu ba, amana ce kawai ke riƙe da mu. Ra'ayina shi ne tauraro na wanda ya ƙirƙire shi ne, yana iya fita da shi, amma abin da ya faru da tauraron a cikin kundi na kowa ne, a nan zai tsaya. Mai keke ya yarda da haka. Ɗalibar tana ganin a rubuta shi a takarda kowa ya sa hannu kafin wani ya buga komai. An sa zama na musamman bayan Sallar Gani don a yanke.

Telan bai faɗi nasa ra'ayin ba tukuna. Ya ce ba zai yi magana a kan littafin da ba a gama ba, kuma kafin ranar yana jiran saurayin ya kawo masa rabonsa na babin farko na tafiyar Gaya, a rubuce, ba a baki ba.